Karatu A Kan Saukar Baƙon Zomo A Sabon Keji

Karatunmu na wannan fitowa ba na farashin gero da dawa ba ne, wannan yana can a shafinsa. Magana ce a kan zomo, da yadda ake sauke shi a sabon keji har ya zauna ya ci ya sha. Kada wani ya ce ina ruwan mai hatsi da zomo. Dusar da yake ci a wurinmu ake aunawa, kuma idan ya mutu rigimarsa a kasuwa take tashi.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wata Litinin a Shuwarin wani bawan Allah daga Yalwawa ya zo layin 'yan kaji da tattabaru yana faɗa. Ya ce makon jiya ya sayi zomo biyu domin yaransa, ran Alhamis mace ta mutu, namijin kuma ga shi can a gida ya takure ba ya ci. Ya ce lalle mai ciwo aka sayar masa, a ba shi kuɗinsa. Mai zomo ya rantse lafiyarsu ƙalau ya miƙa su. Dillalin da ya tsaya a cinikin ya rasa ta cewa, domin ya riga ya ci la'adarsa. Aka kira mu mu sa baki, saboda an san muna taɓa kiwon nan a gida.

Muka tambayi mai saye, Malam, ina ka ajiye su? Ya ce keji sabo fil ya sa mai walda ya yi masa, har da fenti, ya kafa shi tsakar gida. Me ka ba su? Ya ce masara ya cika musu kwano, ba rowa. Ruwa fa? Ya ce ai ya ji zomo ba ya shan ruwa. Yara fa? Ya yi dariya ya ce ai ranar har 'ya'yan maƙwabta sun cika gidan, kowa yana son ya ɗauka. Da muka ji haka muka san ba ciwon kasuwa ba ne. An dai yi sulhu aka raba hasarar biyu, amma a zuciyarmu mun san mai zomo bai ci hakkin kowa ba. Ba mu yi wa mai saye dariya ba kuwa, gama mu ma haka muka kashe na farko da muka saya wa babban ɗanmu, shekaru da yawa da suka wuce, muka kwana biyu yaro ba ya yi mana magana.

To, a fara da sanin ko wace irin dabba ce wannan. Zomon gida ba shi ne zomon dajin da mafarauta suke kora da karnuka ba. Na daji ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake kwanciya, 'ya'yansa kuma da gashinsu da idonsu a buɗe ake haifarsu. Na gida asalinsa daga ƙasar Andalus ne, watau Sifen da Fotugal na yanzu, can kakanninsa suke zaune jama'a jama'a cikin ramuka masu ƙofofi da yawa. 'Ya'yansa tsirara ake haifarsu, ido rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗewa. Su biyun ko an haɗa su ba sa haihuwa da juna. Abin da za a riƙe a nan shi ne, na gida ɗan rami ne. Duhu da matsi da sanyin ƙasa su ne kwanciyar hankalinsa. Fili kuwa, inda ake ganinsa ta kowace fuska, a wurinsa nan ne shaho yake ɗauka.

Da can a garuruwanmu, Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ba a cika yi masa keji ba. Wani tsohon ɗakin ƙasa ake ba shi, ko a zagaye lungu da tubali, ya haƙa raminsa ya haihu ciki, sai dai ka ga 'ya'ya sun fito. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 Dutse ta zama babban birni, gidajen siminti da na haya suka yawaita, a Takur ko Gida Dubu ina za ka sami ɗakin da za ka bar wa zomo ya haƙe? Ko a ƙauye ma mutane sun gane rami a gindin katangar ƙasa haɗari ne da damina, balle wanda ya ga ambaliyar 2022 da yadda gine-ginen ƙasa suka zube a jihar nan. Saboda haka keji ya shigo, kuma ba mu ƙi shi ba. Ya fi tsabta, ya fi sauƙin lura da dabba. Illa dai yawancin zomayen da ake kawowa kasuwa daga ƙauye 'yan rami ne, ba su taɓa taka waya ba. Ka ɗauko irin wannan ka sa shi a kejin da yake raga gaba da baya, sama kwano, daidai yake da a kwantar da kai a tsakiyar tasha ba bango ba ƙofa, a ce yi barci.

Farkon abin da keji yake bukata tun kafin zomo ya iso shi ne maɓoya. Kwalin sabulu ko na taliya ya isa, a huda masa ƙofa biyu, domin zomo ba ya sakin jiki da ɗaki mai ƙofa ɗaya. Mu mun fi son tsohuwar tukunyar ƙasa mai faɗin baki a kwantar da ita a gefe, a tokare ta kada ta mirgina, gama tana riƙe sanyi kuma ba ya iya cinye ta kamar kwali. Sa'an nan a rufe bayan keji da gefe ɗaya da zana ko buhun algarara, a bar gaba da ɗaya gefen domin iska. Ƙasan keji idan waya ce, idonta kada ya wuce rabin inci, kuma a shimfiɗa ɗan katako inda zai huta, domin tafin ƙafar zomo gashi ne kawai, ba shi da tsoka irin ta kyanwa, waya tana cin sa har ya yi gyambo. Girma kuwa, mafi ƙanƙanta da muke yi wa guda ɗaya shi ne ƙafa 3 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi, ƙafa 2 a tsayi, yadda zai miƙe ya kwanta, ya kuma tsaya kan ƙafafun baya kunnensa bai taɓa rufi ba. Wanda ya fi haka ya fi. Idan na wasan yara ne guda ɗaya ko biyu, a ƙara musu da sakin su cikin ɗaki rufaffe su yi tsalle kowace yamma, bayan sun saba.

A ɗaga keji daga ƙasa kamar ƙafa 3 saboda kare da kyanwa da gafiya. A tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanaye da ɗan baƙin mai saboda kwarkwasa, wadda take iya gamawa da jarirai a dare ɗaya. Fenti kuma a bar shi ya sha iska kwanaki har warinsa ya fita, cikin kejin ma bai kamata a shafa ba, gama zomo mai gwaguya ne, haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu.

Inda za a kafa keji ya fi kejin kansa muhimmanci. Zomo ba ya gumi. Da kunnensa yake fitar da zafi, shi ya sa za ka ga jijiyoyin kunnen sun fito ɓaro-ɓaro da rana. Zafi idan ya wuce digiri 30 ya fara wahala, idan ya kai 35 yana cikin haɗari, mu kuwa a nan watan Afirilu da Mayu yakan kai 40, ga duwatsun garin nan suna riƙe zafi su yi ta hucinsa har bayan lisha. Kejin da yake ƙarƙashin kwano tsirara a tsakar gida tanda ce. A nemi gindin darbejiya ko mangwaro, ko rumfar kara, a kuma duba inda rana take faɗawa da la'asar, domin wurin da yake inuwa da hantsi sau da yawa shi ne rana take dukansa da yamma. Ran da zafi ya tsananta a jiƙa buhu a rataya ta gefen da iska take shigowa, mai hali ya naɗe gorar ruwa mai ƙanƙara da tsumma ya sa masa ya jingina. Idan ka ga ya miƙe yana numfashi da sauri, hanci ya jiƙe, baki a buɗe, to ajali ya matso. A kai shi inuwa maza a shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi, kada a tsoma shi cikin bokiti. Da hunturu kuwa sanyi bai cika damunsa ba, iska mai ƙura ce za a tare masa ta gabas da arewa. A nisanta shi da janareta da injin niƙa da turmi da madafa.

Yanzu sai maganar wari, wadda ita ce mutane ba su sani ba. Mu da ido muke gane gidanmu, zomo da hanci. A ƙarƙashin haɓarsa akwai wani abu da yake fitar da ƙamshin da mu ba ma ji, shi ya sa za ka ga yana goga haɓa a kan kwano da katako da bakin ƙofa. Tambari yake bugawa, kamar yadda muke rubuta suna a buhu kafin a loda mota. Keji sabo ba tambarinsa ko ɗaya, sai warin ƙarfe da na hannun mai walda. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A debo ɗan abin da yake kwanciya a kai a tsohon wurinsa, ciyawa ko harawa, da kashinsa busasshe cikin tafin hannu, a zuba a kusurwa ɗaya ta sabon keji, nesa da inda za a sa abinci. Da ya shiga ya shinshina ya ji kansa a wurin, rabin tsoro ya tafi. Wata riba kuma, zomo mai tsabta ne, kusurwa ɗaya yake zaɓa ya mai da ita makewayi, kuma inda ya ji warin kashinsa nan zai ci gaba da yi. Ka ga kai ka zaɓa masa ke nan. Idan sauyin keji ne a cikin gida ɗaya, a tafi da kwanon cinsa da kaskon ruwansa na da ba tare da an wanke su da sabulu ba, a kuma jera su yadda suke a tsohon wuri. Sati na farko kada a yi wa kejin wankin ƙarƙaf, a kwashe jiƙaƙƙe kawai. Amma fa duk wannan idan tsohon wurin lafiya yake. Kejin da wani zomo ya mutu ciki da zawo ko mura, ba a ɗauko komai daga cikinsa, shi kansa sai an wanke an shanya a rana kwanaki.

Ga inda mu masu hatsi za mu faɗi gaskiya ko da ta rage mana ciniki. Hatsi ba shi ne abincin zomo ba. Cikinsa na ciyawa ne, yana son abu mai tauri yana wucewa dare da rana ba yankewa. Ba ya amai, ba ya tuƙa irin ta akuya. Abin da yake yi a maimakon tuƙa shi ne, yakan fitar da wani kashi mai laushi, manne da juna, ya sunkuya ya cinye shi tun daga fitarsa, yawanci da dare ko da sassafe. Wanda ya gani kada ya ƙyamace shi ko ya hana shi, abincinsa ne na biyu, haka Allah ya yi shi. To, irin wannan ciki idan tsoro ya sa dabba ta daina ci, shi ma sai ya tsaya cik, iska ta taru, ciwo ya ƙara hana ta ci. Akuya takan yi kwana biyu ba ci ta tashi. Zomo idan ya yi yini guda cur bai ci ba, bai yi kashi ba, ya kama hanya. Idan kuma aka zo aka cika masa ciki da masara ko gero wanda bai saba ba, sai kumburi ko zawo. Wannan shi ya kashe zomanyar mutumin Yalwawa, ga rana, ga hannun yara.

Saboda haka kai mai saye, tun kana gaban mai zomo tambaye shi me yake ba su. Abin da ya faɗa shi za ka ba su kwanakin farko, ko da kana ganin naka ya fi kyau. Harawar wake ko ta gyada busasshiya mai kyau kada ta yanke a keji, a ɗaure ta a jikin waya kada ya taka ya yi fitsari a kai. Dusa, ta gero ko ta masara ko ta alkama, cikin tafi ɗaya da safe ɗaya da yamma ya ishi babba, a ɗan yayyafa mata ruwa kada ƙurarta ta shiga hancinsa, abin da ya rage kuma a zubar kafin ya yi tsami. Ɗanyen ganye irin na dankali da zogale da yaɗiya da latas yana so ƙwarai, amma sabon ganye a fara da kaɗan, iri ɗaya a lokaci guda, a ƙara sannu sannu cikin kwana 7 zuwa 10. Ciyawar farkon damina da wadda raɓa take kanta a bar ta ta sha iska ta yi laushi tukuna. Wanda zai koma abincin kamfani na buhu shi ma haka, a riƙa gauraya shi da tsohon ana ƙarawa.

Muna roƙon 'yan'uwanmu masu awo da babbar murya: sharar rumfa da ake tarawa a sayar wa masu kiwo da araha, a san abin da ke cikinta. Waken da aka sa wa fiya-fiya ko ƙwayar maganin ƙwari, da irin shuka mai hodar magani, da masara ko gyadar da ta yi funfuna, kaza ma tana jin jiki balle zomo. Yaro ya zo da 'yan kuɗinsa ya ce dusar zomo yake so, a auna masa mai tsabta.

Ruwa kuwa, wanda ya fara cewa zomo ba ya sha ya ɗauki alhakin dabbobi da yawa. Wanda yake cin ɗanyen ganye a rami mai sanyi yana iya rage sha, daga nan zancen ya samo asali. Amma mai cin harawa da dusa a keji yana sha sosai, babba ya fi kofin shayi a yini, mai shayarwa kuwa ninkin haka da ƙari. Kuma idan ba ruwa ba zai ci busasshen abinci ba. A sa masa a kaskon ƙasa mai nauyi wanda ba zai kifar ba. Masu sayen gorar nan mai bakin ƙarfe da ake ratayawa, su sani ɗan ƙauye bai san ta ba, yana iya mutuwa da ƙishi ga ruwa a gabansa. A haɗa masa da kasko har a ga da ido yana lasar bakin gorar.

Daga kasuwa zuwa gida ma akwai aiki. Dabba ta yini tun hantsi a rana, ana ta ɗaga ta ana juyawa. Kada a ƙara mata da buhun leda ɗaure da baki, ko but ɗin mota, ko a rataye ta kusa da salansar babur. Kwali mai huji da harawa a ƙasansa, a rungume a cinya. Ɗauka kuma ba da kunne ba, ko da kowa haka yake yi a kasuwa. Hannu ɗaya a ƙirji ko fatar kafaɗa, ɗaya ya tallafi gindi, a manna shi a jiki. Ƙafafunsa na baya suna da ƙarfi, ƙashin bayansa kuwa ba shi da ƙwari, idan ya yi harbi yana reto a iska yana iya karya bayan kansa, sai ka ga yana jan gindi, wannan kuwa ba magani sai wuƙa. Idan an isa gida, mafi kyau a sa kwalin cikin keji a buɗe, a bar shi ya fito da ƙafarsa. Lokacin da muka fi so shi ne gab da magariba, domin sa'ar nan da kuma asuba su ne lokacin kiwonsa, ga gari ya yi sanyi, ga dare mai tsawo da zai zagaya ɗakinsa ba idon kowa.

Daga nan sai abu mafi wuya, watau hana yara. Kwana uku ba ɗauka, ba zira kara, ba taruwa. Mun san yaron da aka saya wa zomo ba ya iya barci, to a ba shi aiki: shi ne mai kai ruwa da harawa safe da yamma, shi kaɗai, a lokaci ɗaya kullum, yana yi masa magana ƙasa ƙasa. A koya masa kada ya kawo hannu ta sama, domin ta nan shaho yake zuwa, kada kuma ya kawo shi daidai kan hanci, gama idanun zomo a gefe suke, yana ganin kusan duk kewayensa amma ba ya ganin abin da yake dab da bakinsa, sai ya firgita ya yi cizo. Ta gefe, a ƙasa, a tsaya ya zo ya shinshina. Bayan kwana uku ya miƙa masa ganye da hannu. Ran da ya karɓa ya ci a gabansa, an fara shiri. Wani kwana biyu ya ishe shi, wani sai ya yi sati biyu, musamman babba da ya girma a rami.

Yaya za ka san ya zauna? Ɗan kasuwa ba ya tambayar yaron shago ko ana ciniki, littafi yake dubawa. Littafin zomo yana ƙarƙashin keji. Mai lafiya yana zubar da kashi fiye da 200 a kwana guda, ƙwallaye busassu masu girma ɗaya. A share ƙasan keji da daddare, da asuba a duba. Idan sun yi yawa, madalla. Idan sun ƙanƙance sun yi kaɗan, cinsa ya ragu, a ƙara masa ganyen da ya fi so a rage hayaniya. Idan babu ko ɗaya tun daga magariba har hantsi, ga shi ya dunƙule a kusurwa ido a lumshe yana cizon haƙora, kada a jira gobe, a kai shi asibitin dabbobi ko a kira malamin dabbobi a ranar. Fitsarinsa yakan yi ja ko ruwan goro ko fari kamar alli gwargwadon abin da ya ci, wannan kaɗai ba ciwo ba ne. Buga ƙafar baya a ƙasa da ƙarfi gargaɗi ne, ya ji ko ya hango wani abu, idan yana yi da dare a duba ko kyanwa ce take hawa kan keji. Alamun sakin jiki kuwa su ne ya zauna yana wanke fuska da hannu biyu, ya goga haɓa a kan kaya, ya kwanta a gefe ya miƙe ƙafafu. Wani har ya yi tsalle ya murɗa jiki a iska kamar mai taɓin hankali. Ƙaramar 'yarmu ran da ta fara ganin haka da gudu ta zo ta ce zomo ya yi farfaɗiya.

Gargaɗi ɗaya a kan magani. Al'adarmu ce idan kaza ta yi sanyi a je kemis a sayo kafso a fasa a ruwa. Kada a yi wa zomo haka. Ampiclox da amoxicillin da danginsu na penisilin idan ya sha ta baki suna kashe ƙwayoyin da suke narka masa abinci a hanji, zawo ya biyo baya, ya mutu. Maganin da ya dace da shi malamin dabbobi ne ya san shi.

Wanda yake da zomaye a gida ya sayo baƙo, kada ya haɗa su ran nan. A ware baƙon nesa sati biyu ko fi, a riƙa ba na gida abinci kafin a je wurinsa, a duba hancinsa ko da majina, cikin kunnensa ko da ɓawon ƙazwa, gindinsa ko da zawo. A 2020 wata annoba ta zomaye ta ɓulla a Kwara da wasu jihohin Yarbawa, dabba tana ci da safe da yamma ta faɗi, wata da jini a hanci, masu kiwo suka yi hasara mai yawa. Irin wannan cuta a keji da buhu da takalmi ma tana tafiya, mu kuwa kayanmu daga Gujungu da Maigatari da Sara har kudu suke kai da kawowa. Bayan wa'adin ya cika a jera kejinsu kusa su saba da warin juna ta waya. Manyan maza biyu ba sa zama keji ɗaya, za su yi ta cizon juna har su ɓata wa juna gaba. Idan barbara ake so, mace ake kai wa namiji, a tsaya a gani, a mai da ita ɗakinta. Ka kai namiji ɗakin mace, faɗa za ta yi masa, shi kuma ya shagala da shinshine-shinshine.

Mai ciki tana da nata hukunci. Cikin zomo wata guda ne, kwana 31 galibi. Idan za a sauya mata keji a yi tun da sauran sati biyu, ran kwana 28 a sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa, ita za ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa. Wadda aka ɗaga gab da haihuwa takan watsar da 'ya'yan a kan waya, ko ta ƙi su, wata har ta cinye. Idan larura ta sa dole a tashe ta da jarirai, a ɗauki akwatin ɗungum da gashin da komai. Kada kuma a ce ta ƙi 'ya'yanta don ba a gan ta a kansu ba. Sau ɗaya take shayarwa a kwana, wani lokaci biyu, minti kaɗan, yawanci da dare. A duba cikin jariran da safe, idan ya yi tumbi sun sha.

Sauran magana taku ce, dillalai da masu sayarwa. Mun ga ana kawo 'yan sati uku kasuwa domin sun fi kyan gani, yara sun fi nacewa a kansu. Waɗannan ba su gama da nono ba, da wuya su kai Litinin ta gaba. Kada a raba ɗa da uwa sai ya kai sati 6, yana cin harawa da kansa sosai, kuma gara a sayar da su biyu 'yan ɗaki ɗaya su ɗebe wa juna kewa. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san hukuncin aibin da aka ɓoye, mai saye yana da ikon mayarwa. Idan ka san akwai mura ko zawo a gidan da dabba ta fito, faɗa. Idan kuwa lafiya take, to ka kare kanka da abu uku kafin mutum ya juya baya: ka ƙulla masa ɗan abincin da ta saba a leda, ka zuba masa ɗan shimfiɗarta a kwali, ka ce masa Alhaji, inuwa da ruwa, kuma a hana yara kwana uku. Jan ido na fararen nan da ake kira New Zealand ma a gaya wa mai saye halittarsu ce, gama mun taɓa ganin an dawo da ɗaya wai ciwon ido gare shi.

Namijin mutumin Yalwawa kuwa, a ranar muka bi shi gida bayan an tashi kasuwa. Muka ja kejin zuwa gindin darbejiyar bayan ɗakinsa, muka kwashe masarar, muka sa tukunya da kaskon ruwa da damin harawar gyada, uwargidansa ta kawo ganyen zogale. Ya sha ruwa kamar ba zai daina ba. Ran Laraba yaron gidan ya zo rumfarmu a kan keke, ya kwance leda ya nuna mana kashi cike da tafin hannunsa, sa'an nan ya auni dusar gero rabin kwano.